Rebus ko Jigsaw: Wanne Za a Kawo wa Yaro Gida?

Wata Asabar da hantsi yayata ta kira ni a waya, muryarta da ɗan damuwa. Makarantar su 'yarta, wadda ke aji uku na firamare, ta ba yara jerin kayan da za su zo da su bayan hutu, a ciki har da wani abu da aka rubuta da Turanci, picture puzzle. Ta shiga shago biyu. A na farko an miƙo mata kwali cike da gutsattsarin hoto. A na biyu an ba ta ɗan littafi mai zane-zane da haruffa da alamar tarawa a tsakaninsu. Kowane mai shago ya tsaya kai da fata cewa nasa ake nufi.

"To kai da kake koyarwa, wanne ne na gaskiya?"

Na ce, "Yaya, duka biyun na gaskiya ne. Aikinsu ne ba ɗaya ba."

Abin da ke cikin kwalin nan Turawa na kiransa jigsaw, suna furta shi kamar jigso. Abin da ke cikin littafin kuma rebus, ana furta shi kamar ribas. Kalmar puzzle a Turanci babbar rumfa ce, duk wani wasa ƙwaƙwalwa yana fakewa a ƙarƙashinta, shi ya sa in an ce picture puzzle ba a gama magana ba. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da suka yi boko da Faransanci sun huta da wannan ruɗani, domin a Faransanci in an ce puzzle to gutsattsarin hoton nan ake nufi, ɗayan kuma rébus ne, kowa da sunansa. Mu dai bari mu kira jigsaw wasan haɗa hoto, rebus kuma kacici-kacicin hoto, sannan mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Rebus saƙo ne da aka rubuta da hotuna a madadin kalmomi, amma da sharaɗi guda: sunan abin da ke hoton ake so, ma'anarsa a ajiye ta gefe. Bature zai zana ƙudan zuma, wanda yake kira bee, ya zana ganye a gefensa, wanda yake kira leaf. In ka faɗi sunayen biyu a jere da sauri sai ka ji belief, wato yarda ko imani. Imani kuwa babu abin da ya haɗa shi da zuma, babu abin da ya haɗa shi da ganye. Sauti kawai aka aro, aka bar wa hoton ma'anarsa.

Kalmar ta Latin ce. Res na nufin abu, rebus kuma na nufin "da abubuwa", har akwai tsohuwar magana a harshen, non verbis sed rebus, wato ba da kalmomi ba, da abubuwa. Ta biyo ta Faransanci ta shiga Turanci a farkon ƙarni na 17, jam'inta kuma rebuses. Amma dabarar ta girmi sunan nesa ba kusa ba, kuma a nan ne nake ganin mutane ba sa ba ta girman da ya dace da ita, suna ɗaukarta wasan yara. Da wannan dabarar rubutu kansa ya tashi tsaye. Mutanen Sumer, a kudancin Iraƙi ta yau, sun iya zana tunkiya da hatsi da tulu, amma yaya za a zana rai? Sai suka lura cewa sunan kibiya a harshensu, ti, ya yi daidai da kalmar rai, suka riƙa zana kibiya suna nufin rai. A Masar akwai wani allon dutse mai shekara wajen 5,000, yana gidan tarihi na Alƙahira, wanda aka rubuta sunan sarki a kansa da hoton tarwaɗa da ƙarfen sassaƙa. Tarwaɗar ana karanta ta nar, ƙarfen kuma mer, sunan sarkin Narmer. A gidan tarihin nan dai akwai wani mutum-mutumin Fir'auna Ramsis na 2 da aka sassaƙa shi yana yaro, da faifan rana a kansa, da wata ciyawar bakin ruwa a hannunsa. Rana ra, yaro mes, ciyawar su: Ramessu. Dutse ne, amma in ka iya harshen sai ya faɗa maka sunansa.

Turawan Ingila ma sun daɗe suna sa hannu da wannan salo. John Islip, wanda ya shugabanci majami'ar Westminster a Landan daga 1500 zuwa 1532, ya sa an sassaƙa masa ido da ɗan reshen itace a jikin ginin, domin ido a Turanci eye ne, irin wannan reshe kuma slip. Har yau suna nan. Mai aika saƙon waya da ke rubuta b4 a madadin before jikan Islip ne a wannan sana'a, ko ya sani ko bai sani ba.

Yanzu a lura da abin da ya haɗa duk misalan nan. Kibiyar Sumer ba ta cewa rai sai ga mai jin harshen Sumer. Ido da reshe ba sa cewa Islip sai a kunnen Bature. Rebus a ido yake shiga, amma a kunne ake warware shi, kuma yana ɗaure da harshen da aka yi shi a ciki kamar akuya da turkenta. Wannan shi ne babban abin da ya kamata mai saye ya sani. Ka ba 'yar aji uku, wadda da Hausa take tunani, hoton ƙudan zuma da ganye, za ta ce "zuma, ganye", ta sake cewa "zuma, ganye", har ta gaji. Ko da ta san bee ta san leaf, sai ta kuma san belief, ta kuma saba jin yadda ake furta shi, kafin wutar ta kama. Na sha ganin yaro mai kaifin basira ya ture irin littafin nan yana cewa shi bai iya ba, alhali ba basira ce ta gaza ba, da harshen wasu aka tambaye shi. Wannan yana ci mini rai, domin yaron da ya fara yarda cewa shi daƙiƙi ne yana daɗewa bai warke ba.

Ga kuma abin takaicin: da wuya a sami harshen da wannan wasa ya dace da shi kamar Hausa. Rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali, don haka muna da tarin kalmomi masu sura ɗaya da ma'ana biyu ko uku. Kuka na itace da kuka na hawaye. Wuya na jiki da wuya ta wahala. Gari na mutane da gari na tuwo. Gado na kwanciya da gado na magada. Dawa ta rumbu da dawa ta mafarauta. Tsari na bakin rafi da tsari na aiki. Zana kada, ka rubuta "ka", ka zana fara, ka zana itacen kuka da 'ya'yansa na reto. Yaro zai karanta a hankali, kada, ka, fara, kuka, sai ka ga idonsa ya buɗe: "Kada ka fara kuka!" Jimla cikakkiya da dabba da ƙwaro da itace, kalma ɗaya tak aka rubuta. Lambobi ma suna shiga. "Ina jin 100" ga mai jin ɗari. "Mu 9 kuɗi" ga 'yan adashi. "6 ita" ga ango da amarya, shi da ita ke nan.

Akwai wani reshe na rebus da ba ya ma bukatar zane, sai dai yadda aka ajiye kalmar, ko launinta, ko girmanta, ko yawanta. Misalin da Turawa suka fi yawan bayarwa shi ne a rubuta I a ƙarƙashin stand, a karanta I understand. A wannan fage Hausa sai dai a yi mata barka. Rubuta "ciki" da alli a baƙin allo, ka sami farin ciki. Rubuta shi da gawayi a farin bango, ya koma baƙin ciki. Rubuta "aiki" da jan biro, jan aiki. Rubuta "ido" sau huɗu, an yi ido huɗu. "Baki" sau biyu, mai baki biyu. Ka ja haruffan "hannu" su miƙe daga wannan gefen allo zuwa wancan, duk ajin zai ɗauka da ihu, dogon hannu! Yaron da ya warware waɗannan ya koyi salon maganar iyayensa ba tare da an sa shi hadda ba. Al'ummar da ta tashi da "shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya" da "baba na ɗaka gemu na waje", ta kuma ƙirƙiri zaurance, ba baƙuwa ba ce a wannan wasa. Alli kawai aka ƙara mata.

Sai dai rebus na Hausa yana da nasa tarkon, kuma gara mai shirya shi ya san su. Na farko karin harshe. A wasu wurare kado ake cewa, ba kada ba, kuma yaron birnin Kano ya fi jin "kar ka fara" a bakin mutane. Na biyu, hoto ɗaya na iya amsa suna da yawa. Ka zana fara, yaro ya ce babe. Ka zana kuka ba 'ya'ya, ya ce bishiya, shi ke nan wasa ya rushe. Na uku haruffa masu ƙugiya. Ni ina yafe bambancin karin sauti, domin in ba a yafe shi ba wasan ma ba zai yiwu ba, amma ba na yarda a zana kura a ce ƙura ake nufi, ko a zana baki a ce baƙi. Yaranmu sun riga sun saba ganin ana zubar da ƙugiya a rubutun waya, bai kamata malami ya ƙara musu ƙarfin gwiwa ba. Na fi so a mayar da abin darasi: a zana kura tana gudu tana tayar da ƙura, a ce wa yaro ya rubuta duka biyun.

To, jigsaw fa? Shi hoto ɗaya ne aka manna a katako ko kwali, aka yayyanka shi gutsure-gutsure masu lanƙwasa, aka cakuɗa, aka ce ka mayar da shi yadda yake. Sunan na zarto ne, irin siririn nan da ke yanka katako a karkace. Saboda haka in ka rubuta jigsaw kaɗai a intanet kana neman saye, da zarton lantarki na kafintoci za ka fara cin karo, sai ka ƙara puzzle a bayansa. Malamai kuma za su ci karo da kalmar a wani wuri dabam, a matsayin sunan wata hanyar koyarwa da Elliot Aronson ya fito da ita a Amurka a 1971, inda ake raba darasi kashi-kashi, kowane ɗalibi ya ƙware a kashi ɗaya ya koya wa 'yan'uwansa. Daga wasan aka aro sunan.

Asalinsa a aji yake. Wanda aka fi jingina wa fara sayar da shi wani mai zanen taswira ne a Landan, John Spilsbury, wanda wajen 1766 ya manna taswirar Turai a siririn katako ya yanka ta bisa iyakokin ƙasashe, don 'ya'yan masu hali su koyi labarin ƙasa. A lokacin ana kiransu yankakkun taswirori ne, kuma har 'ya'yan Sarki George na 3 an koyar da su da irinsu. Sunan jigsaw bai kama ba sai farkon ƙarni na 20, lokacin da manya ma suka faɗa wa wasan. Na wancan zamani ba su da harshe da ramin da ke sarƙe gutsure da ɗan'uwansa, kuma sau da yawa babu hoto a bayan kwalin, sai ka gama sannan ka san abin da ka haɗa. Abin da ya sauko da shi hannun talaka shi ne injin da ke datse kwali a bugu ɗaya. A 1932 da 1933, tattalin arzikin Amurka na durƙushe, mutane ba aiki ba kuɗin zuwa kallo, an riƙa sayar da miliyoyinsa a kowane mako, har ɗakunan karatu da shaguna suna ba da hayarsa a kan 'yan kwabbai. A 2020, da korona ta kulle mutane a gida, an sake yin rububinsa. A 2019 kuma aka fara gasar duniya a Valladolid ta ƙasar Sifaniya, inda gwanaye ke haɗa gutsure 500 cikin ƙasa da awa guda.

Jigsaw ba shi da harshe. Kwalin da aka yi a Jamus, irin na kamfanin Ravensburger, yaron Funtuwa zai buɗe shi ya kama aiki kamar yadda yaron Jamus zai kama, ba wanda ya fi wani sai da ido da haƙuri. Abin da yake nema shi ne lura da launi, da siffa, da juya gutsure a hannu har ya zauna. Yaro yana koyon tsara aiki ba tare da an kira shi da wannan suna ba: a fara nemo kusurwa huɗu, a ware masu miƙaƙƙen gefe a ɗaura iyaka, a tara shuɗi wuri guda, kore wuri guda, a bar sararin sama sai ƙarshe tunda shi ne mai wuya. Yana kuma koyon cewa gutsuren da aka danna da ƙarfi ya shiga, ba wurinsa ba ne.

A nan hanyoyin biyu suka rabu sosai, a yadda amsa ke zuwa. Jigsaw kamar kaɗi yake, zare na taruwa a mazari kaɗan-kaɗan. In ka zauna minti 20 za ka tashi da wani abu a ƙasa, ko da gutsure 10 ne, gobe ka ɗora. Rebus kuwa walƙiya ce. Ko dai ka gani gaba ɗaya cikin ƙiftawar ido, ko ka yini kana kallo ba ka matsa ko taku ɗaya ba. Don haka yaro mai saurin karaya, wanda in ya kasa sau ɗaya yake janye jiki, jigsaw ne maganinsa, domin kullum yana ganin ci gabansa da idonsa. Yaro mai baki, mai son gardama da wasa da kalma, wanda zama wuri ɗaya ke gundurarsa, shi rebus zai kama shi. Ban ce a bar kowa da abin da ya fi masa sauƙi har abada ba. Ta ƙofar da ke buɗe ake shiga, daga baya a gwada masa ɗayar.

Shekaru ma suna yanke hukunci. Yaron da bai fara karatu ba, babu abin da zai yi da rebus, domin bai riga ya gane cewa ana iya raba kalma da abin da take nufi ba. Shi kuwa jigsaw ɗan shekara 2 ma yana da nasa, na katako mai manyan gutsattsari huɗu ko biyar da ɗan mariƙi a kowanne. Ɗan shekara 3 zuwa 4 na iya ɗaukar 12 zuwa 24. Ɗan shekara 6 zuwa 8, daga 60 zuwa 100, gwargwadon sabonsa. Kuskuren da iyaye suka fi yi shi ne sayen mai 500 ko 1,000 saboda ya fi cika ido kuma "zai daɗe yana yi". Ba zai daɗe ba, zai bari ne a rana ta biyu. Kuma duk gidan da ke da mai rarrafe a kula ƙwarai, ƙananan gutsattsari na iya maƙale wa yaro a maƙogwaro, shi ya sa ake buga gargaɗin 'yan ƙasa da shekara 3 a jikin kwalayen.

Sai maganar kuɗi da wuri, wadda a gidajenmu ita ce kan gaba. Jigsaw mai kyau daga waje ake shigo da shi, farashinsa na bin dala. Mai arha kuma sau da yawa kwalinsa siriri ne, hoton na ɓarewa, gutsure biyu na shiga rami ɗaya, abin da ke rikita yaro ya kashe masa sha'awa. In za ka saya, taɓa kaurin kwalin, ka ɗaga gutsure biyu da aka sarƙe ka ga ko za su riƙe juna. Mai 1,000 yana cin wuri kamar santimita 70 a tsaye 50 a kwance, ban da inda za a baza sauran, kuma zai kwana a nan kwanaki. Wani abin lura, da yawa daga cikin masu cewa 1,000 sun ɗan haura, 1,008 ko 1,026, saboda layi 36 sau 28 ne ko 38 sau 27, kada ka ƙirga ka zaci an yi kuskure. A kan tabarma ba ya zama, sai a nemi faffaɗan katako ko babban tire da za a iya ɗagawa a ɗora bisa kabad. Ga ƙurar hunturu, ga laimar damina da ke kumbura kwali, ga gara, ga ƙanne. Gutsure ɗaya ya ɓace, hoton ya zama mai giɓi har abada. Gwangwanin madara mai murfi ya fi kwalin da ya zo da shi amana.

Rebus ba ya neman ko ɗaya daga cikin waɗannan. Alli da allo, ko bayan tsohuwar takarda, ko tsinke da ƙasa. Amma shi ma yana da nasa tsadar: sau ɗaya ake cinsa. Wanda ya warware "kada ka fara kuka" yau, gobe ba kacici-kacici ba ne a wurinsa. Littafin rebus da aka saya, in an gama shi an gama. Jigsaw kuwa yaro ƙarami zai haɗa shi sau 30 yana jin daɗi, ƙaninsa ya gada, a yi musaya da maƙwabta. Wato shi jigsaw kuɗi yake ci sau ɗaya, rebus kuma kan babba yake ci kullum, tunda dole wani ya zauna ya ƙirƙiro sabo. Sauƙin abin shi ne, bayan mako biyu yaran da kansu ke karɓe aikin, kuma ƙirƙirar ta fi warwarewar amfani.

Ga malamin da ke gaban yara 70 ko 80, ba na jin akwai wata gardama. Kwali ɗaya ba zai ishi mutum biyar ba, allo ɗaya kuwa ya ishi kowa. Minti biyar na farkon darasin Hausa, rebus ɗaya, a bar su su faɗa da ƙarfi, domin sai an furta ake ji. A darasin Turanci ma yana da rana, amma sai yara sun kai ƙaramar sakandare kunnensu ya fara nuna. A lokacin babu abin da ya kai shi koyar da kalmomi masu sauti ɗaya da rubutu dabam, irin su sea da see, ko sun da son. Ɗalibi mai lalurar ji kuwa, rebus na sauti zalunci ne a gare shi. A ba shi jigsaw, ko irin rebus ɗin nan na launi da yawan kalma, wanda ido ke iya kamawa.

Wanda yake son jigsaw kuma aljihu bai kai ba, ya koma wa dabarar Spilsbury. Taswirar Nijeriya, gam, kwalin taliya mai kauri, da reza a hannun babba. A yanka bisa iyakokin jihohi 36 da Abuja. Ƙananan jihohin kudu maso gabas za su yi wuyar yanka, ana iya barinsu a haɗe. A Nijar a yi na jihohi 7 da Yamai, ya dace da ƙananan yara saboda gutsattsarin manya ne. Mai ƙarfin hali ya gwada ƙananan hukumomi 44 na Kano ko 34 na Katsina. Yaron da ya riƙe Jigawa a hannunsa yana neman inda za ta zauna ba zai manta cewa tana maƙwabtaka da Yobe da Bauchi ba. Tsohuwar kalanda ma tana yi, amma a guji mai ɗauke da ayoyi ko sunayen Allah, domin gutsattsarin nan ƙasa suke faɗuwa ana takawa. Gidan da ba a son hoton mai rai kuma, taswira da furanni da jirage da gine-gine sun wadatar, rebus ɗinsu kuma a tsaya kan lambobi da launi da kayan gida.

Waya fa? Jigsaw na waya ya rasa rabin amfaninsa, tunda yatsa ɗaya ke ja, gutsuren ya manne da kansa, babu juyawa babu lalube. Rebus kuwa bai rasa komai ba a waya. 'Yan hotunan nan da ke cikin WhatsApp akwai kada, akwai fara, akwai gado, akwai wata. Ana iya tayar da zauren dangi gaba ɗaya da layi guda.

Abin da na faɗa wa yayata ke nan a taƙaice, bayan na sa ta tambayi malamar ajin, wadda ta tabbatar cewa kwalin take nufi. Na ce ta sayi mai gutsure 100, mai kaurin kwali, mai hoto mai launuka a rarrabe, ta mayar da littafin in mai shago zai karɓa, in ba zai karɓa ba ta ajiye shi sai yarinyar ta shiga sakandare. Rebus kuma na ɗauki alkawarin ni zan riƙa turo mata ɗaya duk Juma'a, da Hausa.

Mun yi Juma'a uku a haka. A ta huɗu, kafin in tura nawa sai ga hoton takarda ya shigo daga wayar yayata. An zana wata dabba mai ƙaho da tozo, a gefenta an zana wani abu mai kama da kwano a kife da 'yan zane-zane a jikinsa. A ƙasa an rubuta da fensir, "Kawu, in ka kasa ka biya 50." Na ce saniya, bai tafi ba. Na ce bijimi, bai tafi ba. Sai da na kai ga sa, na sake duban kwanon nan da kyau na ga ashe zanna bukar ce. Na kira na ce a ba ni ita.

"Sa hula," na ce.

Ta ce, "To saura na gobe, shi ya fi wuya."